Ranar da Murdo Cargill Ya Buɗe Hannu

Ni na ɗauki jakar sandunan golf na Murdo Cargill a ranar, saboda haka kada wani ya zo yana ba ni labarin abin da ya faru a rami na goma sha takwas. Ina tsaye a bayansa, iskar teku tana dukan ƙeyata, na ji maganar ta fito daga bakinsa da kunnena. Har yau in na tuna sai in saki kwaɓin da ke hannuna in nemi wuri in zauna. Sunana Dod Rennie, ni ke gasa wa mutanen Portgarvie, garinmu na bakin teku a Scotland, burodi, kuma tun muna yawo da gajeren wando na san Murdo.

A garinmu yaro kan iya riƙe sandar golf kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Filin na kowa ne, yana kwance tsakanin bayan gidajenmu da bakin teku, masunci ya buga, likita ya buga. In mutum biyu suka kara, rami-rami ake lissafi: wanda ya kai ƙwallonsa cikin rami da bugu mafi ƙaranci shi ya ci wannan ramin. In kuwa ƙwallon abokin karawarka ya zo ya tsaya dab da bakin rami, taƙi ɗaya ko kamu ɗaya, sai ka ce masa, "Ɗauki, naka ne." Shi ke nan, an lissafa masa kamar ya jefa. Ba wanda ya tilasta ka, mutunci ne kawai, kamar ka riƙe wa mai kaya ƙofa.

To, Murdo bai taɓa faɗin wannan magana ba. Ba ina nufin ba ya yawan faɗa ba, a'a, bai taɓa ba.

A wurin ubansa ya gada. Tsoho Tam Cargill masunci ne, mutum mai ƙarancin magana da ƙarancin dariya, teku ta cinye masa ƙanne biyu da jirgi guda. In aka ce ya yi wa mutum kyautar ƙwallo sai ya ce, "Ni teku ba ta taɓa ce mini ɗauki ba." Ya kuma koya wa ɗansa cewa duk wanda ka ce wa ɗauki, ka gaya masa ke nan ba zai iya ba, kuma wannan zagi ne, ba alheri ba. Murdo ya haɗiye maganar nan da ƙayarta. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da zai ɗaure maka kai, in ya bar filin nan ba ka taɓa ganin mai sakin hannu irinsa ba. Teku bai bi ba, tuƙin bas ya kama tun yana saurayi, daga Portgarvie zuwa tashar jirgin ƙasa, ya dawo, ya koma. Tsohuwa ba ta sauka a tasha in Murdo ke tuƙi, a ƙofar gidanta yake tsayawa, ya sauko ya kai mata kayan cefane har kicin, fasinjoji suna tsaki yana kunnen uwar shegu. Kujerar gaba ta kusa da shi rububinta ake yi, don nan ake jin labarin gari. Amma yana taka ciyawar filin golf sai hannun nan ya dunƙule. Shi ya sa muka sa masa Hannun Jariri, yana kuma amsawa.

Tsohon fastonmu ya taɓa karawa da shi, yana da shekara tamanin a lokacin. Ƙwallonsa ya zo ya rataya a leɓen rami, rabi a ciki rabi a waje. Ya dafa ƙugu ya ce, "Murdo ɗana, wannan ai ko atishawa na yi zai faɗa."

Murdo ya ce, "To yi atishawar mu gani, Fasto."

Matarsa Ishbel kuwa sau ɗaya ta taɓa wasa da shi, a makon amarcinsu. Ta dawo gida ta jingina sandunanta bayan ƙofa, ta ce in ana so auren nan ya yi ƙarko, to kowa ya nemi abokin wasansa.

Allah ya ba su 'ya ɗaya tal, Ailsa. Ni dai ban ga yarinya mai hannu irin nata ba. Murdo ya yanke mata tsohuwar sandarsa ta gangara ƙwallo daidai tsayinta, kullum yamma in ya ajiye bas suna fili. Ba ya yabonta a gabanta, sai ya shigo shagona ya tsaya yana juya burodi ba zai saya ba, can ya ce, "Dod, ka ga bugun yarinyar nan jiya?" Tana shekara goma sha huɗu ta kakkaɓe manyan gari ɗaya bayan ɗaya a gasar kofin Portgarvie, har ta kai wasan ƙarshe. Wanda ta tarar yana jiranta a can ubanta ne.

Gari ya fito kaf. Suka zo ramin ƙarshe kunnen doki. Murdo ya jefa nasa, nata ya tsaya taƙi ɗaya daga rami, in ta jefa a ci gaba da wasa. Ni ke riƙe da tutar da ake kafawa a ramin. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi ubanta, duk muka dube shi tare da ita. Shi kuwa ya juya yana kallon teku, kamar mai jiran jirgin ubansa. Ta sunkuya a kan ƙwallon, ta daɗe, ta ƙara daɗewa, sai na ga hannuwanta sun fara rawa. Ta buga, ƙwallon ya wuce ta gefe ko leɓen ramin bai taɓa ba. Wattie mahauci ya ƙyalƙyale da dariya, ba da mugunta ba, shi dai haka bakinsa yake, ba shi da linzami. Murdo ya karɓi kofi. A hanyar gida abin da ya ce mata ke nan: "Gobe ki jefa ɗari irinsa kafin karin kumallo."

Ba ta jefa ko ɗaya ba. Rawar hannun nan cuta ce da muka sani a wasan nan: mutum ya yi bugu mai nisa tsaf, amma da ya zo dab da rami sai hannu ya ƙi shi. Tsofaffi takan kama, ban taɓa ganin ta kama yarinya ba sai Ailsa. Ta bar wasa. Tana gama makaranta ta hau jirgi ta yi kudu, ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Ingila. Uwar ce ke zuwa wurinta, ita ba ta zuwa. In ta bugo waya uban ya ɗauka, gaisuwarta ɗaya ce: "Baba, ba ni Mama."

Na sha yi masa faɗa a kan wannan, ina gaya masa ya je ya ba ta haƙuri. Amsarsa ba ta canzawa: "Haƙurin me? Girmama ta na yi, Dod. Da na raina ta ai da na ba ta." Hali zanen dutse. Amma duk wanda ya taɓa shiga bas ɗinsa ya san in jirgin kudu ya iso, Murdo ba ya tashi sai dandamali ya zama wayam, yana leƙen madubi, yana gyara abin da bai lalace ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan jira. 'Yarsa yake so ta dawo, shi ne kaɗai abin da ya rasa a duniya, kuma bai san ta inda ake fara nemansa ba.

Ana haka sai gasar ƙasashe huɗu ta zagayo garinmu. Ta dattawa ce, waɗanda suka haura hamsin da biyar kuma ba da wasan suke ci ba: Scotland, Ingila, Ireland da Wales, kowace da tawagarta. Kofin ya daɗe a hannun Ingila har mun fara mance kamanninsa. Da sunayen tawagar Scotland suka fito, likitoci ne da lauyoyi da masu kamfani, sai a ƙarshe direban bas ɗinmu. Ranar na rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar aurena ban yi ba. Aka kawo masa shuɗiyar rigar sanyi mai tambarin ƙasa, Ishbel ta rataye ta a taga don masu wucewa.

Ana saura 'yan kwanaki ya shigo shago ya hau juya burodi.

Na ce, "Kai Hannun Jariri, saya ko ka ajiye mini kayana."

Ya ce, "Za ta zo."

"Wa?"

"Ailsa. Ranar ƙarshe. Uwarta ta matsa mata. Ta ce don Mama za ta zo, kada wani ya ɗauka don shi ne." Sannan ya ce, "Dod, me ake ce wa mutum?"

Na ce, "Sannu da zuwa ake cewa, sakarai." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Murdo ba sai ranar, kuma ba tsoron 'yan Ingila ba ne.

Muka doke Wales, muka doke Ireland da ƙyar, Ingila ma ta doke su. Ranar Asabar sai mu da su, mutum da mutum. Jagoran tawagarmu, wani lauya daga Edinburgh mai suna Farquhar, ya sa Murdo a karawar ƙarshe. A gabana ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Cargill, na ji labarinka. In abu ya zo wuya, mutumin da ba ya kyauta nake so ya rufe mana ƙofa."

Wanda aka haɗa shi da shi sunansa Neville Tarrant, dogo, siriri, tsohon likitan haƙori, mai fara'a da yawan godiya. Na so in ƙi shi, abin ya gagara. Tun ramin farko ƙwallon Murdo ya tsaya kamu ɗaya, Neville ya ce, "Ɗauki abinka, ɗan'uwa, kada mu ɓata wa teku lokaci." Murdo ya ɗauka yana ɓata fuska, don kyautar nan ba a mayar da ita. A rami na biyu ƙwallon Neville ya tsaya kusa fiye da haka. Ya ɗan dakata, ya ga Murdo yana kallon teku, ya yi murmushi ya sunkuya. Nan na ga hannunsa yana rawa irin na Ailsa. Ya buga, ya kuskure.

Na matsa kusa da Murdo na ce a hankali, "Mutumina, tsuntsu daga sama gasasshe. Allah ya taimaki haƙoran Ingila da mutumin nan ya yi ritaya."

Gaskiya Neville ya fi Murdo bugu mai nisa, ba ma kusa ba. Abin da ya ci da nesa sai ya zubar a bakin rami, Murdo kuma ko gezau, sai ya sa shi ya buga kowane. Kafin mu kai rabin fili labari ya zagaya. Da Neville ya sunkuya a kan gajeren ƙwallo sai ka ji jama'a sun ɗauke numfashi, ya kuskure su saki. Ni kaina daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba, ƙasata ce.

A rami na goma sha ɗaya na hango Ishbel a bakin igiyar da ta tare 'yan kallo, kusa da ita wata mata cikin jar kwat, gashinta ya fara furfura a gefe. Sai da na sake dubawa na gane Ailsa ce. Murdo ya riga ni ganinta, don ya miƙo hannu in ba shi sanda, na ba shi, ya tsaya riƙe da ita kamar bai san amfaninta ba. Bai ɗaga mata hannu ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Ta dai bi mu rami bayan rami, hannuwanta cikin aljihu.

Muna hawa na goma sha takwas Farquhar ya taho da sauri, fuskarsa ja wur. Duk sauran sun gama, ƙasashen biyu canjaras, mu ma da Neville kunnen doki. Ya ce, "Cargill, ka ci ramin nan kofi namu ne. In kuka raba, an tashi canjaras, kofi ya zauna hannun mai riƙe da shi. Ka gane?"

Murdo ya ce, "Na iya lissafi, ranka ya daɗe."

Duk garin yana kewaye da ramin, da baƙi, da masu algaitar jaka, har kan rufin gidaje akwai mutane. Murdo ya gangaro nasa daga nesa, bugu na huɗu, ƙwallon ya bi tudu ya karkato ya faɗa rami. Ihun da aka yi, tsuntsayen teku sai da suka tashi. Neville ya yi na ukunsa, ƙwallon ya zo ya tsaya taƙi ɗaya. In ya jefa an raba, in ya kuskure Scotland ta ɗauki kofi a Portgarvie, da hannun direban bas ɗin Portgarvie. Kuma duk wanda ke wurin ya san zai kuskure. Na ga Farquhar yana gyara wuyan rigarsa saboda masu hoto.

Neville ya sunkuya. Wurin ya yi tsit. Hannuwansa suka fara rawa, har kan sandar yana karkarwa a kan ciyawa. Ya miƙe, ya goge tafinsa a wando, ya sake sunkuyawa, abin ya ƙaru. Sai wata dariya ta ɓalle daga cikin taro. Na san dariyar nan, Wattie ne, ya tsufa bakin bai tsufa ba. Neville ya ɗaga kai ya dubi Murdo. Ba roƙo yake ba, kallon mutum ne da ya san abin da zai same shi a gaban jama'a.

Na juya in ga Murdo yana kallon teku kamar kullum. Ba teku yake kallo ba. Bakin igiya yake kallo, inda Ailsa ta fito da hannuwanta daga aljihu ta matse su a ƙarƙashin hammata, ta runtse ido.

Sai na ga ya taka. Na ɗauka wani ɗan ganye zai kawar. Ya je har gaban Neville, ya sunkuya, ya ɗauki ƙwallon mutumin da hannunsa, ya miƙa masa.

Ya ce, "Ɗauki, naka ne."

Tutar da ke hannuna ta faɗi, ban san na sake ta ba. Mutum dubu nawa ne a wurin, amma ba ka jin komai sai teku, kamar ruwa ya cinye mu. Wani mai algaita da ya riga ya cika jakarsa da iska don kiɗan nasara ya saki, abin ya yi wani kuka mai ban tausayi ya mutu. Farquhar ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni da na san mutumin nan tun kafin ya yi haƙoran girma, da ƙasa ce ta tsage a gabana da ban kaɗu haka ba.

Neville bai karɓa nan da nan ba. Ya ce, "Cargill, ka san abin da ka yi kuwa? Wallahi ba zan jefa shi ba."

Murdo ya ce, "Na sani. Riƙe."

Sannan wurin ya fashe. 'Yan Ingila kaɗan da ke nan sun rasa ko su yi tafi. Wata tsohuwa da Murdo ya shekara ashirin yana kai wa kaya kicin ta ɗaga lemarta tana cewa, "Tir! Tir da kai, ɗan Tam!" Wattie yana ihu, "An saye shi! Hannun Jariri ya buɗe wa Ingila!" Farquhar ya iso ya ce, "Kofin ƙasa ne, Cargill, ba na gidanku ba. Wa ya ba ka izinin kyauta da shi?"

Ni kuwa na cafki hannun rigar nan shuɗiya na ce, "Murdo, ka haukace ne? Fasto ka hana, matarka ka hana, ni shekara hamsin ina bin ka ko na faɗin yatsa ba ka ba ni ba, sai yau? Yau ɗin nan? Ɗan Ingila?"

Bai ko ji ni ba. Ailsa ta ɗaga igiya ta shigo, tana tahowa a kan ciyawar da rabonta da takawa tun tana yarinya. Mutane suka lafa. Na ce a raina, to, mun rasa kofi, aƙalla mutumin nan zai sami 'yarsa. Murdo ma haka ya zata, na ga ya ɗan buɗe hannuwa.

Ta tsaya nesa da hannuwan. Fuskarta ta yi fari fat. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa duk sun ji.

Ta ce, "Ashe bakinka yana iya faɗinta, Baba."

Ya ce, "Ailsa..."

"Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ba laifinka ba ne, haka aka halicce ka, ba za ka iya ba ko ka so. Da wannan na yi haƙuri. Ashe kana iyawa. Mutumin da ka sani yau da safe ka ba, a gaban ƙasa gaba ɗaya, da kofi da komai. Ni kuwa ina shekara goma sha huɗu, na dube ka, ka kalli teku."

Ta juya ta fita ta inda ta shigo, Ishbel ta bi ta da gudu. Murdo ya tsaya da hannuwa a buɗe. Wannan ta fi ta farko kaɗa ni, don ban taɓa tunanin kyauta za ta iya yi wa mutum ciwo fiye da rowa ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ba kofi, ba 'ya.

Aka miƙa wa Ingila kofinsu, tafi kamar ana zaman makoki. Murdo bai shiga liyafa ba. Na kai masa jakarsa ƙofar gida na jefar, ban ƙwanƙwasa ba, na rantse ba zan ƙara yi masa magana ba.

Washegari Lahadi da safe na kai burodi gidan kulob ɗin 'yan golf da ke bakin filin saboda baƙin da za su tashi. Ma'aikata suna kwance igiyoyi. Ina fitowa na hango mutum biyu a rami na goma sha takwas, ɗaya cikin jar kwat. Na so in zame, sai ta kira ni.

"Kawu Dod! Zo ka riƙe tuta. Kana nan wancan karon, ka tsaya wannan ma."

Na je. Murdo ya tsufa a dare ɗaya, ko aski bai yi ba. A hannun Ailsa akwai 'yar gajeruwar sandar nan da ya yanke mata, ashe tana bayan ƙofar gidan duk shekarun nan, kusa da na uwarta, yana shafa mata mai. Ta ajiye ƙwallo, ta auna taƙi ɗaya da hannunta daga bakin rami.

Murdo ya ce, "Ailsa, ɗau..."

Ta ce, "Kada ka kuskura. Da jirgin rana zan tafi, kuma ba zan tafi da abin nan a wuyana ba. Zan jefa shi da kaina, kowa ya huta."

Ta sunkuya, sandar ta yi mata gajarta har sai da ta ranƙwafa sosai. Matar da ke sa wa jarirai allura a jijiya hannunta bai motsa ba, ga shi nan yana rawa kamar na Neville. Na roƙi Allah, ni da rabona da coci tun jana'izar fasto. Ta buga. Ƙwallon ya tafi daidai, ya hau leɓen rami, ya zagaya shi, ya fito ya tsaya a baki, faɗin yatsa ɗaya.

Ta tsaya tana kallon ƙwallon, kafaɗunta suka sauka, na ga yarinyar nan ta shekara goma sha huɗu tsaye cikin kwat ɗin babbar mace. Sannan a hankali ta ɗaga kai ta dubi ubanta.

Bai kalli teku ba. Leɓunansa suna motsi, bai san ko an ba shi izini ba, hawaye na bin gemunsa. Sai ya faɗa.

"Naki ne, 'yata. Tun ranar naki ne. Ni ne ban iya ba, ba ke ba."

Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fidda rai. Can ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon, ta juya shi a tafinta, ta sa a aljihu.

Ta ce, "Na karɓa, Baba." Ta share hanci da bayan hannu, ta ce, "Kawu Dod, mayar da tutar mana, ka tsaya ka saki baki. Akwai sauran burodi a motarka? Ba wanda ya ci komai a gidanmu tun jiya."

Jirgin rana ya tafi ba da ita ba.

Kada ka ɗauka gari ya yafe. Ba a sake kiran Murdo tawagar ƙasa ba, kofin kuma har yau bai dawo ba. Rigar shuɗiya tana cikin akwati. Neville yakan aiko masa da kwalbar wiski duk Kirsimeti, Murdo ya ba Ishbel ta zuba a kek. Ni na karya rantsuwata tun ranar Lahadin, amma in na tuna Farquhar yana gyara wuyan riga, da kofin nan taƙi ɗaya daga hannunmu, har yanzu sai in ji kamar in maƙure shi. Mutanen gari suna shiga bas ɗinsa don ba su da wani, sai dai su wuce can baya su zauna, kujerar gaba da ake rububi ba mai taɓa ta.

Ko a jikinsa. Duk ƙarshen wata, in jirgin kudu ya iso ranar Juma'a, ba ya ƙara leƙen madubi ko gyara abin da bai lalace ba. Yana buɗe ƙofa, wata mata mai jar kwat ta hau, ta ajiye jakarta, ta zauna a kujerar.